Agogon mata mai tsada: a tambayi abin da ke ciki kafin a biya

Agogon hannu ya daɗe da shiga sahun kayan lefe da tsarabar matafiya. A Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, da wuya a buɗe akwatin amarya ta gidan masu hali ba a tarar da shi kusa da sarƙa da ƴan kunne ba. Ɗan kasuwar da ya dawo daga Dubai da alhajin da ya sauka daga Jidda sukan riƙo shi ga uwargida, ma'aikaci kuma yakan tara albashin watanni domin ya fita kunyar surukai. To amma duk da yawan kuɗin da ake zubawa, kaɗan ne daga cikin masu saye suke tambayar abin da ke motsa agogon. A dubi ƙyalli, a karanta sunan da ke rubuce a fuskarsa, a ƙirga kuɗi a miƙa. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Kuɗin agogon mace mai tsada kashi uku ne: akwai kuɗin injin da ke ciki, akwai kuɗin zinariya da duwatsun da ke waje, akwai kuma kuɗin suna. Wanda ya san wane kashi yake biya ya yi ciniki da idonsa buɗe. Wanda bai sani ba, yana iya biyan ukun duka ya tashi ba ko ɗaya.

Mata ne suka fara ɗaura shi

Da yawa suna zaton agogon hannu kayan maza ne da aka rage wa girma domin mata. Tarihi ya nuna akasin haka. A shekarar 1810, Caroline Murat, ƙanwar Napoleyon kuma sarauniyar Napul, ta sa mashahurin maƙerin agogo na birnin Paris, Abraham-Louis Breguet, ya ƙera mata agogon da za ta ɗaura a hannu kamar munduwa, aka kai mata shi a 1812. A 1868 kamfanin Patek Philippe na Jeneba ya ƙera irinsa, wanda ya shiga hannun wata basarakiya ta ƙasar Hangari. A wancan zamani namiji mai mutunci a Turai cikin aljihu yake sa agogonsa, da ƴar sarƙa. Ko da Louis Cartier ya ƙera wa abokinsa matuƙin jirgin sama Alberto Santos-Dumont agogon hannu a 1904, maza ba su rungume shi ba sai a yaƙin duniya na farko, daga 1914 zuwa 1918, lokacin da soja ya ga ba shi da sukunin lalube cikin aljihu alhali harsashi na zuba.

Ke nan tun asali agogon mace abu biyu ne a haɗe: ma'aunin lokaci da kayan ado. Daga wannan haɗi ne duk ruɗanin ciniki ya taso, domin mai sayarwa yana iya nuna maka ado ya ɓoye inji.

Injin da ba ya cin pil

Injin agogo, wanda Faransawa ke kira « mouvement », iri biyu ne manya: mai aiki da ƙarfin ƙarfe kaɗai, da mai aiki da pil. Bari mu fara da na farko, tun da shi ne tsohon hannu.

Cikinsa akwai wani siririn ƙarfe mai tsawo, a naɗe cikin ƴar ganga kamar yadda ake naɗe tabarma. Idan aka murza ɗan kan da ke gefen agogo, ƙarfen ya ƙara naɗuwa ya tamke, sa'an nan ya shiga neman warwarewa. Wannan neman warwarewa shi ne dukan ƙarfin agogon. Gangar tana da haƙora a bakinta, tana juya wani faifai mai haƙora, shi kuma ya juya na gaba, kowane ya fi na bayansa sauri, har ƙarfin ya kai ga allurai masu nuna awa da minti da sakan.

Da za a bar su haka, ƙarfen zai warware cikin ƙiftawar ido, allurai su yi ta juyi kamar majaujawa, agogo ya tsaya. Saboda haka aka sa mai gadi a ƙarshen jerin faifan. Wata ƴar ƙugiya ce mai baki biyu, tana tare haƙorin faifai na ƙarshe, ta sake shi, ta tare na gaba. Ɗan kasuwa ya tuna da shingen duwan: motoci sun yi jerin gwano, kowace na son wucewa, amma sandar ba ta ɗagawa sai ga mota guda a lokaci guda. Ƙarar « tik-tik » da ake ji idan an kara agogo a kunne, ƙarar wannan tarewa da sakewa ce.

Wa ke ba ƙugiyar umurni? Wani ɗan zobe ne mara nauyi, da aka haɗa da gashin ƙarfe wanda bai kai silin gashin mutum kauri ba. Zoben yana juyawa dama, gashin ya dawo da shi hagu, kamar lilon yara, kuma kowane zuwa da dawowa lokacinsa ɗaya ne. A duk lilo ƙugiyar tana sakin haƙori, haƙorin kuma yana ɗan tura zoben domin kada lilon ya mutu. Masanin ƙasar Holan Christiaan Huygens ne ya fito da wannan gashin ƙarfe a 1675, kuma har yau a kansa ake tafiya. A yawancin agogon zamani zoben yana bugawa sau 28,800 a awa, wato sau 8 a sakan, sau 691,200 a kwana guda. Shi ya sa allurar sakan ta irin wannan agogo take tafiya sululu kamar ba ta tsayawa.

Ƙarfe da ke gugar ƙarfe dare da rana dole ya ci juna. Domin rage wannan ake dasa ƴan jajayen duwatsu a wuraren da sandunan faifan ke juyawa, a ɗiga musu mai ɗan kaɗan. Su ne ake rubutawa « 17 rubis » ko « 21 rubis ». Kada mai sayarwa ya ruɗe ka da su: yakutu ne na haɗi, wanda ake yi a masana'anta tun da Bafaranshe Auguste Verneuil ya bayyana dabarar yinsa a 1902, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Amfaninsa santsi da tauri. Duwatsu 17 sun ishi injin da ake murzawa da hannu.

Shi kuwa agogon da ake ce wa « otomatik », injin nan ne dai, sai aka ƙara masa wani ƙarfe mai nauyi, mai siffar rabin wata, wanda ke juyawa duk lokacin da hannu ya motsa, yana tamke naɗin da kansa. Rolex ya fito da nasa a 1931. Idan aka ajiye irin wannan agogo, zai ci gaba da aiki awa 40 ko fiye, sababbi har awa 55 ko 70, sa'an nan ya tsaya. Matar da ta ciro agogonta daga akwati bayan mako guda ta tarar ya tsaya, kada ta ce an cuce ta: a murza shi, a daidaita lokaci, shi ke nan.

Ƙaramin inji ya fi wuyar ƙira

A nan ne agogon mata ya fi na maza wahala. Dukan waɗannan sassa, fiye da ɗari a yawancin injina, dole su shiga cikin wurin da bai kai faɗin kwabon dala biyar ba. Idan ganga ta ƙanƙance ƙarfi ya ragu, idan zoben lilo ya ƙanƙance ƙaramin girgiza ya ishe shi ya rikice. Hukumar da ke gwada ingancin agogo a Suwis, COSC, wadda aka kafa a 1973, takan riƙe inji kwana 15, ta gwada shi a kwance da tsaye ta fuska biyar, cikin sanyi da zafi iri uku. Ba ta ba shi laƙabin « chronomètre » sai in bai yi jinkirin da ya wuce sakan 4 ko gaggawar da ta wuce sakan 6 a kwana ba. Amma ga ƙananan injina, waɗanda faɗinsu bai wuce milimita 20 ba, an sassauta zuwa sakan 5 da sakan 8, saboda an san wuyarsu. Kwana guda sakan 86,400 ne. Kuskuren sakan 5 a ciki bai kai kashi ɗaya cikin 17,000 ba.

Gwanintar maƙera ta fi fitowa a wannan fage. A 1929 gidan Jaeger-LeCoultre ya ƙera injin da ake kira Calibre 101: tsawonsa milimita 14, faɗinsa bai kai milimita 5 ba, nauyinsa kusan giram guda, kuma har yanzu ana ƙera shi da hannu. Shi ne ke cikin munduwar lu'ulu'un da sarauniyar Ingila Elizabet ta biyu ta ɗaura ranar naɗinta a 1953. Omega ya fito da Ladymatic a 1955, Rolex ya fito da Lady-Datejust a 1957. A 2022 Bulgari ya sa wa agogonsa mai siffar maciji, Serpenti, wani inji mai faɗin milimita 12 da ƴan kai, kaurinsa milimita 2 da rabi. Wanda ya sayi irin waɗannan, aikin hannu da ido na shekaru ya biya.

Ranar da pil ya shigo

Ranar 25 ga watan Disamba 1969 kamfanin Seiko na Japon ya fito da agogon Astron a kan yen 450,000, kuɗin ƙaramar mota a lokacin. Cikinsa babu zoben lilo. An maye gurbinsa da wani ɗan farin dutse mai sheƙi, dangin wanda ke cikin rairayi, wanda sunansa ne ake gani a rubuce a fuskar agogo: Quartz. Tun 1880 ƴan uwa biyu Faransawa, Pierre da Jacques Curie, suka gano alaƙar wannan dutse da wutar lantarki: in an matse shi ya ba da wuta. Daga baya aka tabbatar in an ba shi wuta shi ma yana motsi. A agogon yau ana yanka shi kamar ƴar gwafa, pil ya ba shi wuta, ya yi ta karkarwa sau 32,768 a sakan. Wani ɗan allon lantarki yana raba wannan adadi biyu, ya sake raba shi biyu, har sau 15, sai ya rage ɗaya tak. Wannan bugu guda a sakan shi ke tura ɗan motar da ke juya allurai, shi ya sa allurar sakan take tsalle ɗaya-ɗaya.

Gaskiyar da masu sayar da agogo mai tsada ba su cika son faɗa ba ita ce, agogon pil na ƴan jikkuna ya fi na otomatik mai miliyoyi kiyaye lokaci: kuskurensa kamar sakan 15 ne a wata. Cikin ƴan shekaru kuɗinsa ya faɗi warwas, masana'antun Suwis suka shiga uku. Ma'aikatansu, da suka kai kimanin 90,000 a 1970, sun koma kusan 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. Abin da ya cece su shi ne agogon roba mai araha na Swatch a 1983, da kuma shawarar mayar da tsohon inji kayan alfarma. Dabarar ta ci: a 2023 Suwis ta sayar wa duniya agogo na miliyar 26 da miliyon 700 na kuɗinta, kuma mafi yawan wannan kuɗi daga injina marasa pil ya fito.

Sai dai a ɓangaren mata, manyan gidaje da yawa sun zaɓi pil, domin injinsa ƙarami ne, siriri, ba ya bukatar murzawa, yana kuma barin mai zane ya yi siffar da ya ga dama. Panthère na Cartier, wanda ya fito a 1983, da pil yake aiki. Haka Twenty~4 mai kusurwa huɗu na Patek Philippe, na 1999. Sai a 2018 aka yi masa ɗan uwa otomatik. Agogon Hallucination da gidan Graff ya nuna a 2014, mai lu'ulu'u masu launi karat 110, wanda aka yi wa kuɗi dalar Amurka miliyon 55, shi ma pil ne a cikinsa. Wannan ba zamba ba ce. Amma mai saye ya san cewa a irin wannan ciniki ado da suna ya biya, kason inji kaɗan ne.

Zinariya, duwatsu da suna

Matanmu sun saba da zinariyar Dubai da Saudiya mai karat 21 ko 22. Jikin agogo kuwa da karat 18 aka fi yinsa, saboda ya fi tauri: kashi 750 cikin 1000 zinariya ne, saura azurfa, tagulla ko wani ƙarfe. Don haka a nemi lamba 750 a bayansa. Agogon zinariya na Suwis da aka yi daga 1995 zuwa yau yana ɗauke da ɗan hatimin hukuma mai siffar kan kare, wanda sai da gilashin ƙara girma ake ganinsa sosai. Idan aka ga « plaqué or », ruwan zinariya ne aka shafa wa wani ƙarfe, kaurinsa maikiron 10 ko 20, wato kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na milimita. Zufa da guga za su cinye shi.

Rubutun Swiss Made shi ma yana da iyaka. Bisa dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2017, ana bukatar injin ya zama na Suwis, a haɗa agogon a can, a duba shi a can, kuma aƙalla kashi 60 cikin 100 na kuɗin ƙira a kashe su a can. Saura na iya fitowa daga ko'ina.

Akwai masu sayen agogo da niyyar ajiya, kamar yadda ake ajiye sarƙa domin ranar wuya. A yi hattara. Maƙerin zinariya nauyi yake saye: zai cire inji, gilashi da duk abin da ba zinariya ba kafin ya ɗora a sikeli. Ƙananan lu'ulu'un da ke kewaye da fuska, masu tsada a kanti, kuɗinsu kaɗan ne wajen sayarwa. Yawancin agogo suna rasa wani kaso na darajarsu da zarar sun bar kanti. Gaskiya ne wasu ƴan samfura sun yi tashin gwauron zabo a kasuwar na-hannu a 2021 da farkon 2022, amma daga nan farashi ya yi ta sauka, waɗanda suka saya a ƙololuwa suka yi asara. Mai neman ajiya, sarƙa ta fi masa.

Kallon kitse ga rogo

Babban haɗari shi ne jabu. Miliyoyinsa ke yawo a duniya, kuma kasuwanninmu ba su tsira ba. Alama ta farko ita ce farashi. Sabon Lady-Datejust na baƙin ƙarfe zalla, ba zinariya ba dutse, ba a samunsa a kantin wakilin Rolex ƙasa da euro 6,000, wato kusan miliyon 4 na sefa. Wanda aka ce masa ga shi a jikka 200, ya san abin da ake miƙa masa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin takaici shi ne wanda ya biya kuɗin gaske ya karɓi na ƙarya.

Sanin inji yana taimako a nan. Lady-Datejust otomatik ne; in allurar sakan ɗinsa tana tsalle ɗaya-ɗaya, magana ta ƙare. Amma tafiyar sululu kaɗai ba hujja ba ce, domin masu jabu na yanzu suna sa injin otomatik mai araha, wasu ma suna kwaikwayon injin asali. Agogon mata da yawa kuma ba su da allurar sakan sam. Saboda haka abin dogaro shi ne wurin saye da takardu: kantin wakilin da kamfani ya amince da shi, wanda sunansa ke cikin jerin da kamfanin ke wallafawa a intanet; takardar shaidar biya mai sunan kanti; katin garanti mai lambar da ta yi daidai da wadda aka zana a jikin agogo. Kwali da kati su ma ana buga na ƙarya, don haka kwali mai kyau a hannun ɗan kai-da-kawo ba shaida ba ne. Idan na-hannu ne, a sa gwanin gyara ya buɗe bayansa a gaban mai saye kafin kuɗi su fita.

Ɗan kasuwar da ke shigo da kwaikwayo kuma, ya faɗa wa mai saye gaskiya. Mai son ƙyalli na wata shida yana da damar saye da saninsa. Amma sayar da shi da sunan na asali ha'inci ne, kuma ranar da aka buɗe bayan agogon a gaban dangin amarya, sunan ɗan kasuwar ne zai zube tare da na ango.

Agogo a ƙasar zafi da ƙura

An ƙera waɗannan agogo a cikin duwatsu masu sanyi, mu kuwa muna ɗaura su a inda zafin bazara ke haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma na shiga ko'ina. Abin da ke tsare inji shi ne wasu ƴan zobban roba a bayan agogo da gindin ɗan kan murzawa. Zafi, sabulu, turare da humra suna busar da su. Saboda haka a fesa turare tukuna, ya bushe, kafin a ɗaura agogo, kuma kada a riƙe shi bisa kaskon turaren wuta. Rubutun « 30 m » ba ya nufin a shiga ruwa da shi. Fantsama kawai yake jurewa, don haka cire shi lokacin alwala da wanka ya fi, balle mai maɗaurin fata.

Maganaɗisu ma abokin gaba ne. Maɓallin jakar hannu da lasifikar salula suna iya sa gashin ƙarfen nan ya manne da juna, agogo ya riƙa gudu da mintoci a kwana. Gyaransa na ɗan lokaci ne ga mai na'urar cire maganaɗisu. Wasu sababbin injina, kamar wanda Rolex ya fito da shi domin agogon mata a 2014, gashinsu na silikon ne, wanda maganaɗisu ba ya kamawa.

Injin otomatik yana bukatar wanki da sabon mai bayan shekara 5 zuwa 10, kuma kayan gyaransa na asali a hannun wakilan kamfani suke, abin da ke nufin tafiya ko aike zuwa waje, da kuɗi masu kauri. Pil kuwa yakan yi shekara 2 zuwa 3. In ya mutu a cire shi da wuri, domin yana iya tsiyaya ya cinye injin. Kada kuma a miƙa agogon miliyoyi ga wanda zai ɓalle bayansa da bakin wuƙa a tsakiyar ƙurar kasuwa.

Yau salula na gaya wa kowa lokaci, ba wanda ke sayen agogon miliyoyi domin kada ya makara. Mai son aikin gwanaye da abin da ɗiya za ta gada, ya nemi inji mai kyau, ya kuma shirya ɗaukar nauyin gyaransa. Mai son ado ba tare da ɗawainiya ba, pil cikin jikin zinariya 750 ya ishe shi. Wanda aljihunsa bai kai ba, agogon Seiko, Citizen ko Tissot na gaskiya ya fi Rolex na ƙarya mutunci a hannun iyalinsa. Tambayoyi uku ne dai za a yi wa mai kanti: wane inji ne a ciki, wane ƙarfe ne a waje, ina takardunsa? In ya yi inda-inda, a mayar da kuɗi aljihu. Allah ya sa mu dace.